Sakata Biyu a Shagon Tuure

A Lieksa, watan Disamba,
rana leƙowa kawai take yi ta koma.
Na kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmina
na shiga shagon Tuure Hassinen,
inda warin mai da ƙarfe ya girmi kowa.
Ya shimfiɗa koren tsumma a kan tebur,
ya kwantar da bindigogi biyu gefe da gefe,
ya ce, Sirkka, zaɓi. Ni ba ruwana.

Ta farko, sakatarta sai da lallashi:
ɗaga, ja, tura, danne.
Motsi huɗu, gaisuwar dattijon da ba ya sauri.
Haƙoranta biyu na cizon ƙarfe,
in ta rufe ta rufe ke nan.
Irinta mahaifina ya riƙe shekara talatin da ɗaya,
rub da ciki, mita hamsin tsakaninsa da baƙin ɗigo,
yana saka harsashi ɗai-ɗai da yatsa
kamar mai ba ɗan tsuntsu tsaba.

Ta biyu ba ta san ɗagawa ba.
Ja da manuniya, tura da babban yatsa, an gama.
Kunci bai bar katako ba, ido bai bar saiti ba,
kwanson tagulla ya yi tsalle ya nutse a ƙanƙara.
Ita masu tseren sulɓi ke goyawa a baya,
su iso filin harbi zuciya na lugude,
su kayar da biyar a jere, su wuce.

Na ce, wacce ta fi gaskiya?
Tuure ya kurɓi kofinsa da ya huce tun safe.
Ya ce, takarda ba ta tambayar wace sakata ta buɗe.
Ɗan harsashin nan, gefen gindinsa allura ke bugu;
in bugun jiya ne bugun yau, rami ɗaya za ki gani.
Na ɗaure su a mariƙi, na harba goma-goma,
bambancin bai kai kaurin farce ba.
Sai ya yi shiru. Sai ya ce,
amma kaurin farce ya taɓa raba ubanki da lambar zinariya.

Na ɗauki tsohuwar.
Ɗaga.
Nan wuyan hannuna ya tuna mini da santsin bara,
bakin ƙofar ma'aikatar madara, ƙarfe biyar na asuba,
da ƙusoshi uku da likita ya bari a ciki.
Sau sittin ake ɗagawa a gasa ɗaya.
Na lissafa. Ƙashi ma ya lissafa.

Na ɗauki sabuwar.
Ta buɗe kamar dama jira take,
har na ji tsoronta.
Baba kan ce, ba a kunama harbi yake ba,
yana cikin motsi huɗun nan:
a nan numfashi ke dawowa gida,
a nan mai gaggawa ke jin kunya.
Wanda sakatarsa ta fi zuciyarsa sauri
zai harbi takardar maƙwabcinsa.

A waje motar share hanya ta wuce da fitilarta mai juyi.
Kuɗin sabuwar albashina ne na wata biyu,
har da canjin tayoyin hunturu.
Tuure bai ce komai ba. Yana goge abin da ba shi da datti.

Ranar Asabar na kwanta a layi na bakwai.
Sanyi ya daskarar da gashin hancina.
Na ja, na tura. Hannu ya gama aikinsa a biyu,
ni kuwa ban taɓa kunama ba
sai da na ƙirga a bakina, a hankali,
ɗaga, ja, tura, danne.

Tara ce ta fito, can ƙasa ta hagu.
Na sake ja.