Ajiyar Mushe Berto

Shekara ashirin da biyu ina kuku
a gidan Mushe Berto mai haƙar rijiyoyi, can bayan Zango.
Ban taɓa kai ruwan inabi bakina ba,
Allah ne shaida, ko ɗigo.
Sai dai hanci ba shi da ƙyaure,
abin da ya bi iska ya shigo.

Shi ya faɗa mini sunan, Shardone.
Na ce, Sardauna? Ya yi dariya har da tari.
Wai fari ne. Ni dai launin karan gero na gani
bayan an gama girbi.
Yakan juya shi a kofin gilashi,
ya cusa hanci kamar akuya a bakin rumbu,
ya ce, wannan yaro ne, tsamin lemo gare shi,
da ƙanshin dutse in ruwan fari ya taɓa shi.
Wannan kam na gane.
Haka duwatsun Birni suke yi daren da damina ta sauka.

Na ƙwarai, in ji shi, in ka ba shi shekaru
tsamin yakan kwanta,
ya koma man shanu, ya koma soyayyar gyaɗa, har zuma.
Na banza kuwa, damina biyu ya mutu a tsaye.
Na ce, ai haka humrar Tabawa matata take,
ranar haɗi hawa kai take yi,
sai ta kwana arba'in a duhu take koyon ladabi.

Ran da zai tafi ya miƙo mini kwalba ɗaya.
Mato, shekara goma.
Kwantar da ita, kada rana ta gan ta.
Zan dawo, ni in sha, kai ka shaƙa.

Na tona rami ƙarƙashin randa, inda yashi ke da sanyi.
A Damagaram, inda garwa ke da tsada watan bazara,
kullum sai na yayyafa wa yashin nan rabonsa.
Malam Nomau maƙwabcina ya ce, ka san abin da ka kwantar a gidanka?
Na ce, amana ce, Malam.
Ya kaɗa kai ya wuce.
Daren nan ban yi barcin kirki ba,
amma ban tone ta ba.

Goma ta zo ta wuce.
Haƙorana biyu suka bi ta.
A ta goma sha tara wata mace ta yi sallama,
da furfura, da hancinsa, har da tarin.
Kolet ce, wadda na goya tana kukan zafi.
Ba sai ta faɗa mini ba.

Toshiyar ta marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli.
Launin ya bar kara,
ya koma na fatar da ta kwana a majema.
Na matso da hanci:
dabinon da ya daɗe a buhu, gyaɗa,
can baya, da ƙyar, dutsen nan.

Ta kurɓa. Ta yi shiru har kaza ta ratsa tsakar gida.
Ta ce, ya wuce lokacinsa, Mato.
Zafin garinku ya sa shi sauri.
Wataƙila shekara bakwai baya sarki ne,
yana kwance nan ƙarƙashin randarka, ba wanda ya sani.

Duk da haka ta shanye kofin.
Ni na zuba shayina, na biyu, mai ɗan sukari.
Ba mu yi maganarsa da yawa ba.

Ramin yana nan.
Tabawa ta gaje shi, humrarta ke kwana ciki.
Ni kuma da asuba, in na ɗebi ruwan alwala,
hannuna yakan yayyafa wa yashin
kafin in tuna.