Faifai da Rumbu

Shekara goma sha tara tana ƙuryar ɗakin Baba
a Tudun Jukun, lulluɓe da tsohon zanen gado,
farar da ta koma launin haƙorin mai cin goro.
Da ita ya ci da mu. Ya buga wa ɗaliban Samaru
kundin kammala karatu, shafi naira ashirin,
har yatsunsa suka cinye haruffan da ke kan madannai.

Ranar da na kunna ta, ta yi tari, ta yi nishi,
ta buɗe ido kamar wanda aka tasa sahur.
Na danna. Na dafa shayi. Na sha. Na wanke kofin.
Tana nan tana tunani.

Na hau bayan mashin ɗin Ɗanjummai,
na rungume ta kamar mai kai majinyaci Shika,
muka haye gadar Kubanni muka faɗa Sabon Gari,
shagon Barau, bayan masu sayar da batir.
Ya kwance kusoshi huɗu, ya hura,
gizo-gizo ya fito da iyalinsa.
Ya ce, "Rumbunta lafiya lau, ko ƙwaya ba ta ɓata ba.
Faifan ne ƙarami. Hatsi na nan jibge,
amma in wurin sheƙa bai wuce tafin hannu ba,
yaushe za a ci tuwo?"

Irin nata an daina yi tun ina firamare.
Ya zazzage gwangwanin madara uku a kan benci,
'yan alluna kore masu haƙoran zinariya,
wannan tsagarsa ɗaya, ramin yana son biyu,
wancan ya yi tsawo, wancan ya ƙone a gefe.
Ya aiki yaronsa, ya dawo hannu rabbana.
Sai bayan la'asar, a cikin gawar wani inji
da wani ofis ya zubar,
ya zaro guda biyu, ya ɗaga su ga haske.

Ya taɓa ƙarfen akwatin tukuna,
wai jikin mutum ma yana da tasa wutar.
Ya goge haƙoran da magogin fensir,
ya yi bismillah, ya danna da manyan yatsu.
Ƙas.
Ƙas.
Ta yi ƙara ɗaya, gajeriya, irin ta amsa sallama.

Kafin in gyara zama komai ya buɗe:
sunayen ɗalibai, bashin da ba a biya ba,
wasiƙar neman fansho da ta tsaya a
"Ranka ya daɗe, ina mai".
Dubu uku da ɗari biyar. Ban nemi ragi ba.

Na tarar da Inna a bakin rijiya,
buta a hannu, tana neman buta.
Ta san kuɗin atamfa shekarar da aka haife ni,
ta san duk matan da suka raka ta daga Ƙofar Gayan,
da wadda ta yi guɗa, da wadda ta manta takalmi.
Sau uku ta tambaye ni ko na ci abinci.
Na huɗu ta ce, "Kai ɗan gidan wa ne?"

Rumbu cike maƙil.
Ban san layin da ake sayar da nata faifan ba.

Da dare aka kawo wuta, na jona,
na fara ƙarasa wasiƙar da yatsa biyu.
Ta jiyo ƙarar bugun ta cikin labule,
ta ce, "Malam ya dawo? A kai masa ruwa."
Na tashi na ɗebo, na ajiye a gefen tebur.

A aljihuna akwai tsohon ɗan allon da aka cire.
Barau ya naɗe min shi a takardar tsire,
ya ce, "Ajiye. Ƙarami ne, amma bai mutu ba."