Rasit na Naira Ɗari Bakwai

Farkon maganarmu faɗa ne.
Rasit na naira ɗari bakwai ya ɓace,
ni ke riƙe da lissafi, kai ke tsaron sito,
a ofishin fiton kaya, hawa na biyu, Apapa,
inda kwantena ke hawa kan kwantena
har teku ta ɓuya a bayansu.
Na ce, "Malam Haladu, kuɗi ba su da ƙafa."
Ka ce, "Amma takarda tana da fiffike,
tambayi fankar da ke bisa kanki."
Ban yi dariya ba
sai da na isa gida.

Wata shida muna gaisuwar maƙwabtan rumfa:
ina kwana, ina gajiya, sa hannu a nan.

Sai ga ruwan Legas, wanda ba ya sallama.
Titi ya zama gulbi,
tireloli suka yi sahu ba liman,
danfo ya mutu da mu a Ijora.
Awa huɗu.
Kwandasta ya gaji da ihu, ya yi gyangyaɗi.
Ka raba burodi biyu, ka miƙo mini babban rabin,
ka ce tun barinka Funtuwa
ba ka ga garin da kowa ke sauri
kuma ba mai motsi ba, sai wannan.
Na koya maka "akwai mai sauka" da Yarabanci,
ka kwaɓa,
motar duka ta kwashe da dariya,
har da tsohuwar da ke rungume da kaji.

Daga nan abota.
Da aka kwantar da Inna a Idi-Araba
kai ka ƙarasa mini lissafin wata,
da rubutunka mai kama da sawun zabi.
Ni kuma na raka ka Balogun,
na zaɓa maka leshi ruwan zuma,
na taya, na rage, na sake ragewa,
don wata yarinya can gida da kake nema.
Na naɗe shi da hannuna.
Ban san me ya hana ni cin tuwo a daren ba.

Da labari ya zo ta zaɓi wani,
na ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri."
Ban taɓa addu'a da zuciya ɗaya
kamar ta ranar ba. Allah Ya yafe mini.

Iya Risi mai abinci ta riga mu sani.
Ba ta ce uffan ba,
sai dai ta fara ajiye mana benci ɗaya,
tana ƙara maka nama, tana harara ta.

Ƙarshen shekara aka ja kabad don fenti.
Ga shi nan, ya yi ja, gizo-gizo ya yi masa riga:
naira ɗari bakwai, tambari da kwanan wata.
Ka kaɗe shi, ka ajiye kan teburina, ka fita.
Na juya bayansa.
Layi ɗaya, sawun zabi:
"Hansatu, wa zan gani a gidanku?"

Baffanninka suka kwana a mota,
suka sauka Zangon Agege da ƙafafu a kumbure,
da alewa, da goro ƙwarya biyu,
gidan wanda ya shekara arba'in yana sayar da goro.
Ina bayan labule, numfashi a hannu.
Baba ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya sansana,
ya tauna, ya daɗe yana taunawa.
Ya ce, "An cuce ku a goron nan.
Amma yaron, na bincika, ba algus.
Mun ba ku."
Guɗa ta tashi har ta danne ƙarar jirgin ƙasa.

An sa rana, bayan Babbar Sallah.

Yau Litinin, ga fanka, ga kwantena.
"Malam Haladu, sa hannu a nan."
Ka sa, kana danne murmushi.
Ɗari bakwai ɗin da aka yanka a albashinka,
ina sane, ni na rubuta.
Zan biya.
Amma kaɗan-kaɗan,
don bashin ya daɗe.