Kafin Mu Hau Tudun Ngaundere

Tun asuba Fijon Baba take tari.
Sau uku na murɗa makulli, sau uku ta ƙi.
Ɗari ya kwana cikin batir
kamar baƙon da ba ya jin sallama.

Ubale bakanike ya iso, shayi a hannu,
ya hura yatsunsa, ya zaro sandar mai:
"Wannan baƙin man ya girmi autarki."
Muka juye, muka shayar da lagireto.
Ya bi tayoyi da dunduniya,
ta bayan hagu ta amsa a shaƙe.
"Garwa zuwa Mbe wasan yara ne,
a gangaren dutse ake sanin birki."

Ina neman takardun mota
na tsinci rasit da rubutun Baba:
a canja fulogi kafin hutun yara.
Hutu huɗu ke nan, Baba.
Yau na canja.

Barguna a but, dambun nama a kwano,
Ladiyo da Sabo suka tura,
kwatta ɗaya, kwatta biyu,
sai ta yi gyaran murya
irin nasa, in zai kira mu salla.