Gidan Sauron Vitumbiko

Ranar da ta miƙe a majalisa, can Lilongwe,
muna bakin tafki, rediyo a kan kifaffen kwale-kwale.
Batir ya yi sanyi,
muryarta na zuwa tana komawa kamar ruwa a kan yashi.
Na ce wa Khumbo ta bar kankare tukunya mu ji.

Ta ce: Ya Shugaban Majalisa,
takin da kuka alkawarta wa ƙauyukanmu
ya iso bayan masara ta yi goyo.
Me za mu yi da laima bayan ruwa ya ɗauke?
Zauren ya kwashe da dariya, har nan muka jiyo.
Mu ba mu dara ba.
Rogo ne ya riƙe mu bana, shi ma da kyar.

Ta ce kifin tafki ya ƙanƙance.
Chambo ya zama labarin tsofaffi,
usipa kuwa tun bai yi ido ba ake kwashe shi.
Ta ce gidan sauron da asibiti ya raba
ya koma koma.
Yaro na kwance sauro na yi masa guɗa a kunne,
gidan nasa na cikin ruwa yana tace jariran kifi.

Nan na sunkuyar da kai.

Shuɗin nan da ke shanye a kan kara
na jikana ne, Vitumbiko.
A gabana malamar jinya ta rubuta sunansa.
Ni na ɗinke bakin da igiya,
ni na ɗaura masa duwatsu goma sha ɗaya.
Daren farko ya kawo bokiti uku.
Yaron ya ci, ya lashe hannu, ya yi barci ciki a waje.
Sauro ma ya ci.
Kwana tara zazzaɓi ya yi yana jijjiga shi,
na sayar da bokiti biyu na sayi magani.
Har yau ban iya wannan lissafin ba.

Ai na san matar nan, Nyamsiska.
Tana shekara goma ita ke riƙe fitila a jirgin ubanta,
gari ya waye ta tafi aji tana ƙarnin kifi,
ta kifa goshi a kan benci.
Shi ya sa da wani ya ɗaga murya,
a kama su, a ƙone,
sai ta ce: Ku bar ashana a aljihu.
Ku aiko da tukunya.
Ku dama kunu a kowace makaranta tun da safe,
ku kawo iri kafin ruwan farko,
sannan ku rufe tafki kifi ya hayayyafa.
Mai yunwa ba ya jiran kifi ya girma
sai an ba shi abin da zai jira da shi.

Aka ce lokacinta ya cika.
Ta ce saura magana ɗaya,
batir ya ce shi ma nasa ya cika.

Da yamma fitilu suka jeru a kan ruwa
kamar wani gari da ba shi da ƙasa.
Ban bi su ba.
Na zauna ina kwance duwatsu,
ƙullin ya ciji farce, ya ƙi,
sai da na sa haƙori.
Khumbo ta wanke shi sau uku da sabulu,
ƙarnin ya ce yana nan.
Huda bakwai na ƙirga, na toshe biyar da tsumma.

Yanzu yana ciki, kamar kifin da aka kama da rai.
Ta ramin da ban toshe ba ya miƙo yatsa
ya taɓa gwiwata:
Kaka, gobe da me za mu ci tuwo?

Na ce ya yi barci.
Na ɗauki batir na ajiye inda rana za ta fara samunsa,
ko zai ɗan farfaɗo
mu ji maganar da ta rage.