Ƙofar Ƙarfe

Shekara arba'in da ɗaya
babana Albano yana sayar da ƙusa da kwaɗo da igiya
a wani lungu mai gangarawa kogin Douro.
Bakwai na yamma na bugawa
sai ya sa ƙugiya ya janyo ƙofar ƙarfe daga sama:
garrrr, sannan ƙwas,
sannan juyin makulli sau biyu.
Porto ta ci gaba da hidimarta in ta ga dama,
shi dai yininsa ya ƙare.

Ni nawa ba ya ƙarewa.
Teburin cin abinci ne ofishina,
ina yi wa kamfanin jiragen ruwa lissafi,
mutanen da ban taɓa shan hannu da su ba.
In na kashe kwamfuta shiru take ɗaukewa,
kamar baƙon da ya fice ba sallama,
sai in kwanta da lambobi a ƙarƙashin fatar ido.

Ranar da aka sayar da kantin,
wai masaukin 'yan yawon buɗe ido za a mai da shi,
na tsaya a bakin titi, waya a hannu,
na ce, Baba, ja ta a hankali.
Ya ce, ƙofar nan ba ta san a hankali ba.
Sau uku muka naɗa.
Na farko tsuntsun teku ya sa baki,
na biyu wani mai babur,
na uku ya fito tas, har da ɗan tarin da ya yi a ƙarshe.
Daƙiƙa shida.

Sai rigima da na'ura.
Ta ce ba ta san irin wannan fayil ba, na sauya masa riga.
Na bi saituna ɗaki bayan ɗaki,
inda a da ake zaɓen sautin bankwana
na tarar an toshe, kamar tagar da aka cike da bulo.
Duarte, ɗan maƙwabciyata mai gashi har kafaɗa,
ya shigo da gwangwanin lemo ya ja kujera.
Sai dai mu rubuta mata umarni, in ji shi,
mu ce in za ki tafi, fara kiran wannan.
Layi huɗu kacal.
Na danna.

Garr,
ta yanke.
Ƙofa ta tsaya a rabi, tana reto a cikin kunnena.
Na kunna, na kashe. Garr.
Sau goma sha ɗaya a daren Larabar nan,
har shayina ya yi fata.

Duarte ya ce gaggawa ke damunta,
tana rufe bakin kafin ya gama magana.
Ko ki datse sautin, ko ki koya mata jira.
In datse me? Makullin? Tarin?
Wanda ya rufe ƙofa rabi ai bai rufe ba.
Muka ƙara layi na biyar:
dakata, ƙirga bakwai, sannan ki mutu.

Washegari da yamma Baba na gyangyaɗi a falo,
ƙwallo na ta gudu a talabijin ba mai kallo.
Na danna.
Ƙarfe ya gangaro tun daga sama har ƙasa,
ƙwas, makulli, makulli, tari,
sannan allon ya yi baƙi.

Na ji kujera ta motsa.
Ga shi tsaye a bakin ƙofa, yana laluben aljihun wando.
Filomena, kin duba kwaɗon ƙasa?
Na duba, Baba.
To, a zuba miya.

Ba zan yi ƙarya ba,
wani daren nakan sake kunna ta wajen goma,
in rage haske, in taka maɓallai a hankali,
kamar ɓarauniya a kantin ubanta.