Ƙwaryar Awo

Ni ke riƙe da ƙwaryar awo a rinjin Hammayo,
can gefen Zungur, inda dutse ke shimfiɗa inuwa kan dawa.
Nasamu yake kirana.
Sunan da uwata ta raɗa mini ya faɗi a hanya,
tsakanin tudunmu da Ƙofar Wunti,
ran da aka buɗe mini baki aka duba haƙora.

Dami ɗari huɗu bara, bana har da ɗori.
Ya san lissafin dami, ya san na kawuna:
maza talatin da bakwai, mata har da masu goyo.
Yaro ba ya shiga ƙidaya sai ya iya ɗaga fartanya.
Daga ketowar alfijir zuwa azahar gandunsa ne,
abin da rana ta ci ta rage, na gayaunarmu.

Mutanen birni sun ce mutumin kirki ne.
Ya haƙa rijiya a bakin masallacin unguwa,
wato Barka ya haƙa,
ƙasa ta rufta da shi a gaba na tara.
An fito da shi, an ci gaba.
Ruwan garɗi gare shi, na sha.
Rijiyar Hammayo ake ce mata.

A fada ba ya ɗaga murya.
Yana zama inda kowa zai ga rawaninsa,
ba wanda zai ga cikinsa.
Da 'ya'yan ɗaki ɗaya suka soma hararar shimfiɗa ɗaya,
sai ya aika wa na ciki huhun goro da hantsi,
na waje kuma kore mai ƙyalli bayan lisha.
Alheri, 'yar Risku, ta tafi cikin gaisuwa
ita da mangul biyu da tulun zuma.
Risku ta bi sawun jaki har rafi,
ta dawo ta ƙarasa surfenta.

Ya ce mini, "Mai hankali ba ya kashe murhu ko ɗaya,
bai san wanda zai dafa masa ba."
Ni na san wanda ke saro itacen.

Shekara tara ina biyan murgu, ina binne rara
cikin tukunya, ƙarƙashin turken akuya.
Da wuri ya cika na fansa, na juye masa a kan buzu.
Ya tsoma yatsu ciki kamar mai taɓa ruwan wanka,
ya ce, "Bari mu ga bayan kaka."
Kaka uku ke nan.

Bana maƙera sun daina ƙirar garma.
Bakin kibiya suke yi, ana saye tun da zafinsa.
Fatake sun sake hanya.
Hammayo ya rame, rigarsa ta yi masa yawa,
barci ya ƙi shi, yana zagaya rumbuna da tsakar dare
yana ƙwanƙwasa cikinsu da sanda.

Daren jiya ya sa aka kwance kwari da baka,
ya raba mana da hannunsa, hannun yana rawa.
Ya riƙe nawa bai saki ba.
"Nasamu, in sun zo, kwa tsaya mini?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ke da mu."
Ya yi ajiyar zuciya.
Ya ɗauka amsa ce.

Bai taɓa tambaya ba
me ya sa ƙwaryata ke tozo in ana zuba wa mata,
take shafe in ana kai masa.
Bai san kogon da ke bayan kukar nan ba,
ko tafi nawa na dawa ke kwance a ciki,
ko dare nawa ne daga nan zuwa tudunmu.
Uku ne, in ba a ɗauki tsofaffi ba.
Za mu ɗauke su.

Ɗazu iska ta kawo kiɗa daga wajen birni,
ba na biki ba.
Dawa ta nuna, ta sunkuyar da kai,
ba wanda ya ce a yanke.
Na kife ƙwaryar a bakin rumbu.